Yadda Ake Shiga Binciken Motsa Ƙwaƙwalwa da Ji Cikin Hayaniya a Matsayin Ɗan Sa-kai

Akwai mutumin da yake jin magana sarai a zaure, amma da zarar ya shiga babbar kasuwar Katsina, inda ƙarar injin niƙa ta haɗu da ta janareta da ta masu ciniki, sai ka ji yana ta maimaita "Na'am?" Ba a kunne kaɗai matsalar take ba, domin ƙwaƙwalwa ce take tsamo murya ɗaya daga cikin hayaniya, shi ya sa masu bincike suke neman 'yan sa-kai don su gwada ko motsa ta daga wajen kai, da maganaɗisu ko da wutar lantarki mai rauni, zai sauya yadda ake fahimtar magana.

Da farko, idan ka ga sanarwa, ka tambayi jami'a ko asibitin da ke bayan aikin, kuma ka nemi a nuna maka shaidar amincewar kwamitin da ke kula da ƙa'idojin binciken lafiya, domin ƙa'idar da Najeriya ta fitar a 2007 ta wajabta hakan. Wanda ya nemi ka biya kuɗin rajista, ka rabu da shi.

Daga nan sai takardar amincewa. Ka nemi a karanta maka ita da Hausa, ka je gida ka yi shawara kafin ka sa hannu. Ka riƙe cewa bincike ne ba magani ba, kuma kana da damar janyewa duk lokacin da ka ga dama.

Mataki na uku shi ne tantancewa, kuma a nan ne kunya take cutar da mutanenmu. Za a tambaye ka ko ka taɓa yin farfaɗiya, ko an yi maka aiki a ka, ko akwai ƙarfe ko na'ura da aka dasa maka a kunne ko a zuciya, mace kuma a tambaye ta ko tana da juna biyu. Kada kwaɗayin kuɗin mota ya sa ka ɓoye komai, musamman idan da maganaɗisu za a yi aikin, hanyar da aka fara nunawa a Sheffield ta Ingila a 1985, domin tana iya tayar da farfaɗiya, ko da yake ba kasafai ba.

Ranar gwaji ka yi barci isasshe, ka wanke kai, kada ka shafa mai. Za a fara auna jinka a ɗaki marar ƙara, sannan a sa maka abin saurare a kunne, a sako lambobi ko jimloli cikin hayaniya kana maimaitawa. Ka tambayi harshen da za a yi gwajin da shi, domin Bahaushen da aka gwada da Turanci yana iya kuskure alhali kunnensa lafiya lau.

Idan da lantarki ne, za a ɗaura maka soso biyu da aka jiƙa da ruwan gishiri, a saki wuta mai rauni ƙwarai, miliamfiya 1 zuwa 2 (ƙaramin ma'aunin ƙarfin wutar lantarki ne), na kimanin minti 20. Za ka ji ƙaiƙayi ko ɗan tsikari a fatar kai. Wani zaman na kwaikwayo ne, ana kashe na'urar bayan 'yan daƙiƙoƙi ba tare da an gaya maka ba, domin a kwatanta sakamako.

Kafin ka tashi, ka faɗi duk abin da ka ji, ko ciwon kai ne ko jiri, sannan ka karɓi kwafin takardarka da lambar wanda za ka kira idan wani abu ya taso da dare.