Kurakuran da aka fi yi wajen tantance labarin abin al'ajabi, da yadda ake gyara su

Idan aka kawo labarin gidan da ake jin motsi cikin dare, ko mutumin da ke gano ruwan ƙarƙashin ƙasa da sanda, ko ɗan duban da ya faɗi sirrin da ba wanda ya sani, tambayar da aka fi yi ita ce ko mai ba da labarin maƙaryaci ne. In an san shi da gaskiya, shi ke nan, magana ta zauna. Wannan shi ne babban kuskure, kuma sauran duk daga gare shi suke fitowa. Mai gaskiya yana ganin abin da babu, yana jin abin da ba a faɗa ba, ya kuma rantse a kai da zuciya ɗaya. Ibn al-Haisam, masanin da ya yi aikinsa a Alƙahira kimanin shekara 1,000 da suka wuce, ya ware sashe guda na littafinsa kan gani don bayanin kurakuran ido, ya nuna cewa nisa, da ƙarancin haske, da gajartar lokacin kallo, da rashin lafiyar ido duk suna sa a ga abu ba yadda yake ba.

Ba maganar imani da gaibu ake yi a nan ba. Imani daban, da'awar cewa ƙarar da aka ji daren jiya a ɗakin wane aljani ne ya yi ta daban. Ta biyun da'awa ce a kan wani abu da ya faru a wani wuri a wani lokaci, don haka ana iya bincikarta.

Ɗaukar ido kamar kyamara

An ce gani ya kori ji, amma gani ma sai an duba a wane hali aka yi shi. Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, kuma ko ya saba ba ya rarrabe launi da ƙananan siffofi. Abin da ya rage ƙwaƙwalwa ce ke cikasa shi, ita kuwa ta fi saurin ƙaga fuska da surar mutum a kan komai. A 1976 kumbon Viking 1 ya ɗauko hoton wani tsauni a duniyar Mars mai kama da fuskar mutum, aka shekara da shekaru ana cewa ginin wasu halittu ne. Da aka sake ɗaukar wurin a 2001 da kyamarar da ta fi ƙarfi, sai ga tsauni kawai, inuwa ce ta zana ido da baki.

Haske guda a sararin sama ma yana yaudara. Duk wanda ya ƙura wa tauraro ido cikin duhu na ɗan lokaci zai ga kamar yana yawo, saboda ƙananan motsin da idon kansa ke yi ba tare da akwai wani abu tsayayye da za a gwada da shi ba. Gyaran mai sauƙi ne: a tsaya inda hasken zai yi daidai da bakin katanga ko turken lantarki, a jingina kai kada ya motsa, a sake kallo. Zara ce aka fi yi wa wannan kuskure. Jerin fitilun da ke tafiya a layi ɗaya bayan magariba kuwa, tun daga 2019 galibi taurarin ɗan'adam ne na Starlink da ba a daɗe da harbawa ba. Manhaja irin Stellarium tana nuna abin da ke sama a daidai wuri da lokacin da aka saka mata, shi ya sa rubuta lokaci da jihar da aka fuskanta ya fi ɗaukar bidiyo mai rawa amfani.

Farin dunƙulen da ke fitowa a hoton dare ƙura ce ko ƙwaro da ya gifta dab da gilashin kyamara, filasha ta haske shi. A goge gilashin, a kashe filasha, a sake ɗauka.

Dannau, da gidan da ake cewa ba lafiya

Mutum ya farka ya kasa motsi, ya kasa ihu, ƙirji ya yi nauyi, wani lokaci har ya ga wani abu tsaye a bakin ƙofa. Abin da ya ji gaskiya ne, fassarar ce ake kuskurewa. A matakin barcin da ake mafarki, ƙwaƙwalwa tana kashe ƙarfin tsokokin jiki don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake mafarki. In hankali ya riga jiki farkawa, sai a samu ido a buɗe, jiki a ɗaure, ragowar mafarki kuma ya zuba a cikin ɗakin. Yakan ɗauki daƙiƙoƙi zuwa 'yan mintuna. Ya fi samun mai kwanciya rigingine, da wanda barcinsa ya ragu ko lokacinsa ya rikice, kamar ɗalibi a lokacin jarrabawa ko mai aikin dare. A gwada kwanciya a gefe da tsayar da lokacin barci na mako biyu, ana rubuta daren da abin ya zo. In yana zuwa tare da barci mai kamawa da rana ba shiri, a ga likita.

Amma idan mutanen gida da yawa ne ke kukan ciwon kai, jiri, tashin zuciya, da ruɗewa, suna kuma samun sauƙi in sun bar gidan, kada a tsaya muhawara, a fita waje tukuna. Waɗannan alamomin iskar kabon monoksaid ne, wadda ba ta da wari ko launi, tana fitowa daga janareta da kaskon gawayi a ɗaki rufaffe. A 1921 likitan ido William Wilmer ya wallafa labarin wani iyali a Amurka da suke jin takun sawu, suna ganin mutane a gefen gado, ashe murhun ɗumama gidan ne ya lalace yana tura musu wannan iska. Janareta wurinsa waje ne, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, ba soro ko ƙarƙashin matakala ba.

Ƙarar rufi kuwa, kwano yana buɗewa da zafin rana ya tsuke da sanyin dare, ya riƙa ƙas-ƙas. A barbaɗa gari ko toka a cikin silin da bakin ƙofa kafin a kwanta. Ɓera da kyanwa da ɗan'adam duk suna barin sawu.

Tara shaidu a zaure ɗaya

Ana ganin in mutum goma sun faɗi abu ɗaya, hujja ta yi ƙarfi. In sun kwana suna hirar abin a tsakaninsu, shaida ɗaya ce aka maimaita sau goma. Tunawa tana sauyawa da irin tambayar da aka yi. A 1974 masana halayyar ɗan'adam Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa ɗalibai bidiyon haɗarin mota. Wasu aka tambaye su gudun motocin lokacin da suka ragargaji juna, wasu lokacin da suka bugi juna. Bayan mako guda, 16 cikin 50 na rukunin farko suka ce sun ga fasasshen gilashi, a rukuni na biyu 7 cikin 50. Babu gilashin a bidiyon.

Don haka a raba shaidu tun a ranar, a ce wa kowa ya faɗi abin da ya gani daga farko zuwa ƙarshe, a rubuta ko a naɗa. Kada a ce "ka ga mai fararen kayan?", a ce "me ka gani?". A tambayi inda ya tsaya, da hasken wurin, da ko ya riga ya ji labarin. Rashin yin haka yana cin rai. A guguwar zargin satar mazakuta, irin wadda aka yi a Abuja da kewaye a 2023, ihun mutum ɗaya ne ke zama shaidar taro, alhali tsoro da sanyi kawai suna sa gaban namiji ya tsuke, kuma duban likita na 'yan mintuna ya isa ya raba gardama kafin a taɓa kowa.

Hannun da ke motsi mai shi bai sani ba

Nan ne masu gaskiya suka fi ruɗar kansu. Tunanin motsi kaɗai yana sa tsoka ta ɗan motsa ba da niyya ba, kuma sanda mai rassa biyu, ko wayoyin ƙarfe biyu lanƙwasassu, ko zobe a jikin zare, duk kaya ne da ke mayar da ƙaramin motsi babba. A 1853, lokacin da yayin tebur mai juyawa da kansa ya cika Ingila, masanin kimiyya Michael Faraday ya jera kwalaye masu ɗan zamewa a ƙarƙashin hannuwan mahalarta, ya ga na sama ne ke fara gocewa, wato hannu ne ke tura tebur. Da ya saka wani tsinke da ke nuna musu turawar tasu a fili, tebur ya daina motsi.

Kowa na iya gwadawa: a ɗaura zobe a zare mai tsawon kamu ɗaya, a riƙe ba tare da jingina gwiwar hannu ba, a yi ta tunanin yana kewayawa. Zai kewaya.

Abin ba wasa ba ne. Wani ɗan kasuwar Birtaniya, James McCormick, ya sayar wa Iraƙi da wasu ƙasashe na'urar ADE 651 a matsayin mai gano bam, alhali eriya ce kawai a kan mariƙi, hannun mai riƙewa ke juya ta. Kotu a Ingila ta ɗaure shi shekara 10 a 2013, bayan an shafe shekaru ana dogaro da ita a shingayen bincike.

Mai neman ruwa da sanda yakan dace saboda a wurare irin kwarin Tafkin Chadi da na Sakkwato ruwa shimfiɗe yake a ƙasa, in an haƙa da zurfi za a same shi kusan ko'ina. A ƙasar dutse ne bambanci ke fitowa, can kuwa kuɗin awon masana ƙasa bai kai asarar rijiyar burtsatse busasshiya ba.

Ba ɗan duba amsa da bakinka

"Akwai na kusa da kai da ba ya son ci gabanka." "Kana kyautata wa mutane, ba sa gode maka." Wa zai ce ba shi ba ne? A 1948 masanin halayyar ɗan'adam Bertram Forer ya ba ɗalibansa 39 takarda, kowa yana zaton bayanin halinsa ne shi kaɗai. Suka auna dacewarta da kusan 4.3 cikin 5. Takarda iri ɗaya ce ya raba wa kowa. Sauran aikin mai zuwa duba ne ke yin sa: ya gyaɗa kai, ya sauya fuska, ya cika zancen da aka fara. Dokin nan na Jamus, Hans, da aka ce ya iya lissafi, haka yake yi. Oskar Pfungst ya nuna a 1907 cewa in mai tambaya bai san amsa ba, dokin ma ba ya sani, domin motsin kan mutum yake kallo ya daina buga kofato. Akwai kuma damfara zalla, kamar ta mai wa'azin Amurka Peter Popoff da aka fallasa a 1986, wanda matarsa ke karanto masa sunaye da cututtukan mutane ta ƙaramar rediyo a kunne.

A naɗi zaman, a ƙirga tambayoyi nawa ya yi, maganganu nawa suka dace, nawa suka kauce, da wanda ya fara ambaton kowane suna.

Ƙirga dacewa, manta saɓani

Mafarkin da ya zama gaskiya ana ba da labarinsa shekaru, dubban da suka wuce banza ba mai tunawa. A ƙaddara mafarki ɗaya cikin 10,000 ne ke dacewa da abin da zai faru gobe. A gari mai mutum miliyan ɗaya, kowane dare mutum 100 ke nan za su tashi da labari. Faɗuwa tana zuwa daidai da zama fiye da yadda ake zato. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu aka yi husufin rana, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne, Manzon Allah ya gyara musu cewa rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Haka batun waraka: ana neman magani ne lokacin da ciwo ya yi tsanani, ciwo mai tashi da kwanciya kuwa bayan tsanani sauƙi ne ke biyowa ko an sha wani abu ko ba a sha ba.

Gwajin da ba a tsara ba

Yawancin gwaje-gwajen da ake yi a unguwa ba sa raba gardama, domin ba a amince da sharuɗɗa ba tun farko. Ga tsarin da ke aiki, da misalin mai gano ruwa. A samo bokiti 10 iri ɗaya masu murfi, ɗaya da ruwa, tara da busasshen yashi. A fara zagaye a buɗe, yana ganin inda ruwan yake, ya tabbatar sandarsa na aiki a wurin, don kada daga baya ya ce ƙasar ce ko ranar ce ba ta yi ba. A rubuta nawa zai ci cikin zagaye 10, kowa ya sa hannu. Ƙuri'a ce za ta zaɓi bokitin ruwa, ba ra'ayin wani ba. Wanda ya jera bokitan ya bar wurin kafin mai sanda ya shigo, wanda ke rubuta sakamako kuma kada ya san amsa, saboda darasin dokin Hans. A share ɗigon ruwa da sawu bayan kowane zagaye, kada a faɗi sakamako sai an gama duka.

Da sa'a kaɗai ana sa ran ci ɗaya cikin 10. Ci uku ko fiye yana faruwa kusan sau 7 cikin 100, don haka ba abin mamaki ba ne. In zaɓi biyu ne kacal, cin 8 ko fiye cikin 10 yana zuwa da sa'a kusan sau ɗaya cikin 18, sai a ƙara yawan zagaye. Irin wannan gwajin Emily Rosa ta yi tana shekara 9 a Amurka, ga masu cewa suna jin ƙarfin jikin mutum ba tare da taɓawa ba: suka zura hannuwa ta cikin allo, ta ɗora nata sama da ɗaya bisa jefa kwabo, su kuma su faɗi wanne hannu ne. Mutum 21 suka ci 123 cikin 280, wato kashi 44 cikin 100, ƙasa da rabi.

Da'awar da in ta faɗi jini zai zuba, kamar maganin bindiga ko na ƙarfe ko na dafin maciji, ba a gwada ta a jikin mutum ko da shi ya nema. A rataya layar a jikin buhun yashi, a gwada a can.