Yadda ake auna kakar ɗan wasan ƙwallon kwando da alƙaluma

Idan aka ce maka wane ya gama kakar bana da maki 30 a kowane wasa, kada ka yi saurin sara masa. Cinikin shago aka gaya maka, ba a gaya maka riba ba. Aikina ke nan a Jidda, riƙe littafin lissafin wani shagon kayan gini, kuma na sha ganin ranar da aka yi ciniki har aljihun tebur ya cika, amma da aka cire kuɗin saro kaya da haya da albashin yara, abin da ya rage da ƙyar ya sayi ful da tamis. Maki ma akwai abin da ake kashewa kafin a same su: jifa, da mintuna, da ƙwallayen da aka barar.

Mu da ke zaune a Saudiyya abin ya fi shafa, domin wasannin gabashin Amurka wajen ƙarfe uku na dare suke farawa a agogonmu, na yammacin ƙasar kuma sai wajen asuba ko bayanta. Mai fita aiki da safe ba zai iya bin kaka guda wasa bayan wasa ba. Abin da yawancinmu ke gani shi ne guntun bidiyo a waya, kuma bidiyon nan jifan da ya shiga kaɗai yake nunawa. Jadawalin alƙaluma ya fi shi faɗin gaskiya, in ka san inda za ka sa ido. Duk abin da zan ambata yana shafin Basketball-Reference ko manhajar NBA, wato babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, kyauta, ragowar aikin kuma kalkuletar wayarka ta isa.

Fara da layin da kowa ke tsallakewa: wasa nawa ya buga. Kakar NBA wasa 82 ce kafin zagayen fitar da gwani. A kakar 2023-24 Joel Embiid yana cin maki 34.7 a kowane wasa, har ya zuba 70 a dare ɗaya a watan Janairu, amma wasa 39 kacal ya buga saboda rauni. Ƙungiyarsa ta yi fiye da rabin kakar ba shi. A shekarar ne kuma gasar ta kafa dokar cewa sai ka buga wasa 65 kafin a sa ka cikin masu neman kyautar gwarzon shekara, don haka ko jerin bai shiga ba. Wasu na ganin dokar ta yi tsauri. Ni dai ina tare da ita, domin ƙungiya ba ta cin wasa da ɗan wasan da ke zaune a gefe sanye da kayan gida.

Sai mintuna. Ka raba makin da mintunan da yake bugawa, ka ninka da 36, sai kowa ya tsaya a ma'auni ɗaya. Giannis Antetokounmpo, ɗan Girka wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya ci 29.5 a kakar 2019-20 cikin minti 30.4 kacal, domin sau da yawa ƙungiyarsa kan gama da abokan karawa tun da wuri a zaunar da shi. In ka mayar da shi minti 36, sai ka samu kusan 35. Wilt Chamberlain kuma, wanda ake ta ambaton makinsa 50.4 na kakar 1961-62, minti 48.5 yake bugawa, wato kusan ba ya fita ko kaɗan, har da ƙarin lokaci. A minti 36 makin nasa ya dawo wajen 37. Har yanzu abin mamaki ne, amma tazarar da ke tsakaninsu ta tashi daga maki 21 ta koma ƙasa da 3. Ga kuma saurin wasa: a zamanin Wilt an ƙiyasta kowace ƙungiya kan kai hari sama da sau 120 a wasa, yanzu kuwa wajen 100 ne. Abu ɗaya kawai za ka kiyaye da wannan lissafi, kada ka yi wa mai buga minti 10 shi. Wanda ke shigowa da ƙarfinsa ya kara da 'yan benci ba haka zai yi ba in aka bar shi minti 36.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa, wato jifa nawa ya kashe. Ɗan yayata yakan same ni a wurin mai shayi bayan isha'i, ya miƙo mini waya tun kafin ya zauna. "Kawu, ka ga ya ci 40 jiya?" Ni kuma tambayata ba ta canzawa: "Jifa nawa ya yi?" Sai ya ja allon da yatsa zuwa dama, inda ginshiƙin jifa yake ɓoye a ƙaramar waya, ya yi shiru yana dubawa. In 40 ɗin daga jifa 22 suka fito, na yarda a yi murna. In daga jifa 36 ne, to abokan wasansa sun kwana suna gudu a banza.

Kason jifan da ya shiga, wanda jadawali ke fara nunawa, ba ya wadatarwa, domin yana ɗaukar jifan maki biyu da na maki uku a matsayin abu guda. Mai jefa na uku yana shigar da 4 cikin 10 ya kawo maki 12. Kafin mai jefa na biyu ya kawo 12 daga jifa 10, sai ya shigar da 6. Ka ga kashi 40 daga nesa daidai yake da kashi 60 daga kusa. Bugu da ƙari, jifan kyauta da ake ba wanda aka yi wa keta ba ya cikin wannan kaso sam, alhali wasu manyan 'yan wasa da shi suke tara maki da yawa.

Ma'aunin da ya haɗa duka ukun shi ne wanda jadawali ke rubutawa TS%. In ba ka gan shi ba, yi shi da kanka. Ɗauki yawan jifan kyauta ka ninka da 0.44, ka haɗa da yawan jifan cikin wasa, ka ninka jimlar da 2, sannan ka raba maki da abin da ya fito. Wannan 0.44 ɗin ba tsafi ba ne: jifan kyauta yawanci bibbiyu ake yi a madadin hari ɗaya, wani lokaci kuma guda ɗaya ne na ƙari bayan ƙwallo ta riga ta shiga, shi ya sa aka sa shi ƙasa da rabi kaɗan. A ce ɗan wasa na farko yana cin 25 da jifa 22 da na kyauta 4. Lissafinsa zai ba ka kashi 52.6. Na biyu yana cin 20 da jifa 13 da na kyauta 6, nasa kashi 63.9. Na farko ne zai fito a bidiyo, amma na biyun ya bar wa abokan wasansa jifa 9 su ma su nemi nasu.

Gwada shi a kan kaka biyu da kowa ya sani. Stephen Curry a 2015-16 ya ci 30.1 da jifa 20.2, ya shigar da na maki uku guda 402, ma'auninsa ya kai 66.9, a shekarar da matsakaicin gasar ke wajen 54. Russell Westbrook a 2016-17 ya ci 31.6 da jifa 24, nasa 55.4, kusan daidai da matsakaicin gasar a shekarar. Maki kusan ɗaya, kuɗin saye daban. Kullum ka gwada mutum da matsakaicin shekararsa, domin abin da ake kira ƙwarewa a 2005 yanzu ƙasa yake da na talaka.

Amma kada ka tsaya nan ka yanke wa Westbrook hukunci, kamar yadda wasu masu son lissafi ke yi. Duba nauyin da ya ɗauka. Akwai ginshiƙin USG%, mai nuna kashi nawa na hare-haren ƙungiya ke ƙarewa a hannun ɗan wasa yayin da yake fili. 'Yan wasa biyar ne, don haka rabon kowa 20 ne in an raba daidai. Na Westbrook a shekarar ya haura 41. Kevin Durant, ɗayan tauraron ƙungiyarsa ta Oklahoma City, ya bar ta kafin kakar, kuma duk wanda ya zo karawa da su ya san daga hannun wa ƙwallo za ta fito. Mutumin da ke ɗauke da ninki biyu na rabonsa, ana tare shi da mutum biyu, ya riƙe matsakaici, har ƙungiyar ta ci wasa 47, bai yi ƙaramin aiki ba. Mai tsayawa a kusurwa yana jiran a miƙo masa ya jefa sau 6 a wasa zai iya fin shi kaso, kuma ba ajinsu ɗaya ba. Ni a wurina kakar Curry ta fi, amma ba da tazarar da TS% kaɗai ke nunawa ba.

Ba da ƙwallon da aka ci, ka karanta shi tare da ƙwallon da aka barar. Westbrook ya ba da 10.4, ya barar da 5.4, wato kusan biyu da ɗaya. Ga mai rarraba ƙwallo, uku da ɗaya hannu ne mai tsafta. Cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando kuma iri biyu ne, kuma wanda aka ƙwato a ƙarƙashin kwandon abokan karawa ya fi tsada, domin hari ne sabo. Na gida sau da yawa ba mai jayayya da kai a kansa.

Tsaron gida ne wurin da jadawali ya fi rauni. Abu biyu kawai yake ƙirgawa, tare jifa da ƙwace ƙwallo, su ma sai daga kakar 1973-74 aka fara rubuta su. Manute Bol, dogon nan mai mita 2.31 da aka haifa a kudancin Sudan, ya gama zamansa a NBA da tare jifa 2,086 da maki 1,599. Mai duba maki kaɗai zai ce me ya kai shi gasar. Hakeem Olajuwon haifaffen Legas shi ke riƙe da tarihin tare jifa, 3,830, kuma a 1993-94 ya haɗa gwarzon shekara da gwarzon tsaro da kofi. Duk da haka jifan da aka tare ba shi ne dukan aikin ba. Na lura da wannan da idona a gasar kofin Asiya da aka yi nan Jidda a watan Agustan 2025, wadda Ostireliya ta ɗauka: ɗan wasa zai kutso da gudu, ya ɗaga kai ya ga dogo tsaye a ƙarƙashin kwando, sai ya ja birki ya mayar da ƙwallo baya. Ba a rubuta wa dogon komai ba, amma harin ya mutu. Hanyar da za ka kamo irin wannan ita ce ka duba maki nawa ake ci wa ƙungiyar a kowane hari 100 yana fili, da nawa ake ci mata yana benci. Wannan ma'auni na kaka guda ne, kada ka kula shi a wasa ɗaya. Kuma ka tambayi da wa yake shiga fili, domin wanda mintunansa ke haɗuwa da na tauraron ƙungiya zai yi kyau a takarda ko bai taɓuka ba.

In ɗan wasan gasar Saudiyya kake aunawa, na Uhud ta Madina ko Ittihad ko Hilal, ko na wata gasa mai bin dokokin FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ka tuna wasan minti 40 ne ba 48 ba, layin maki uku yana mita 6.75 maimakon 7.24, kuma keta biyar ke fitar da mutum ba shida ba. Maki 18 a nan sun fi 18 na NBA nauyi a cikin jimlar ƙungiya. A jadawalinsu za ka ga ginshiƙin EFF, wanda ke tara maki da cafka da bayarwa da ƙwace da tarewa, ya cire jifan da bai shiga ba da ƙwallon da aka barar. Yana da amfani don kallon farko, sai dai yana fifita dogaye masu zama kusa da kwando, don haka ka gwada dogo da dogo, mai rarrabawa da mai rarrabawa.

Zagayen fitar da gwani ka ba shi layinsa daban, kada ka cakuɗa shi da kaka. A can ƙungiya ɗaya ce ke fuskantarka har sau bakwai, ta zauna ta karanci inda kake son tsayawa da hannun da kake bi. Curry ɗin nan na 2015-16, wanda ƙungiyarsa ta ci wasa 73 cikin 82, makinsa ya sauko 22.6 a wasannin ƙarshe da Cleveland, suka kuma rasa kofin bayan sun yi gaba da 3 da 1. Ɗan yayata yana ganin wannan ya goge kakar gaba ɗaya. Ni ina rubuta wasa 79 da ya buga a kaka a layin sama, wasa 7 na ƙarshe a layin ƙasa, kuma har yau ba mu daidaita kan wanne za a fara karantawa ba.