Kurakuran da Ke Kashe Hidima a Ikkilisiya, da Yadda Ake Gyara Su

Duk farkon shekara ana tsayar da sababbin shugabannin ƙungiyoyi a gaban ikkilisiya a yi musu addu'a: zumuntar mata, matasa, mawaƙa, malaman makarantar Lahadi, masu zaunar da mutane. Kowa ya shigo da zafinsa. Kafin Ista rabin kwamiti ya daina zuwa taro, sauran kuma ba sa ga maciji da juna. Daga majami'un cikin garin Gombe har na Billiri da Kaltungo da Kumo, kurakuran iri ɗaya ne, kuma na gaji da ganin mutanen kirki suna faɗawa ramin da na gabansu suka faɗa.

Na farko shi ne sanarwar "kowa ya fito". Magatakarda ya miƙe bayan baiko ya ce, "Ranar Asabar akwai aikin gayya, muna roƙon kowa da kowa ya fito." Jama'a su amsa da amin. Ranar Asabar sai a tarar da dattijo ɗaya, mata shida da tsintsiya, da yara. Babu wanda ya yi ƙarya, domin babu wanda aka kira sunansa. Aikin da aka ce na kowa ne, kowa yana zaton wani ya ɗauka.

A share fili wannan sakacin ƙura kawai yake bari. A zuba dekin kuwa, wato rufin kankare, dukiyar ikkilisiya yake ci. Kankare ba ya jiran mutum: da zarar ruwa ya taɓa siminti ya soma kamawa, kuma a zafin Maris da Afrilu na Gombe kwaɓin da ya wuce awa ɗaya a ƙasa ya fara lalacewa. Idan an fara zubi da mutum goma sha biyu a aikin da ke bukatar arba'in, kafin azahar hannuwa sun mutu, ɓangaren safe ya bushe, na yamma ya zo ya kwanta a gefensa ba su haɗu ba. Ta wannan layin ruwan sama zai riƙa ɗiga a kan bencin mawaƙa shekara da shekaru, yana cin rodi a ciki. Abin da ya fi ɓata mini rai, in an gaji sai wani ya ƙara bokitin ruwa a kwaɓin don shebur ya yi sauƙi. Ƙarfin ginin ya rage ke nan, ko da ido bai nuna ba.

Ga yadda nake so a yi shi. Mako biyu kafin ranar, a zauna da maginin da ke riƙe da aikin ya faɗi yawan mutanen da yake bukata a kowane wuri: masu awon yashi da tsakuwa, masu kwaɓi, masu ɗaukar kwano, masu tsayawa kan tsani, masu ruwa, masu abinci. A rubuta suna a gaban kowane wuri, a tambayi mai sunan baki da baki ya amsa. Kowane mutum goma a ba su shugaba ɗaya, shi ne zai buga musu waya daren Juma'a. A rubuta fiye da yadda ake bukata, don wani zai tashi da zazzaɓi, wani rasuwa za ta kira shi ƙauye. Mutum ɗaya tak a ba shi aikin ƙidaya awo, kada ya ɗauki kwano, kada ya matsa. In magini ya ce kwaɓin 1:2:4 ne, wato awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, buhun siminti ɗaya daidai yake da kwanon gini biyu, saboda haka yashi kwano huɗu, tsakuwa kwano takwas. Ruwa kuma a cika tankuna tun jajibiri. Wanda ya san Gombe ya san ba a dogara da cewa tanka za ta iso da safe. Bayan zubi akwai ban ruwa safe da yamma na aƙalla kwana bakwai, kuma nan ne ake mantawa, domin kowa ya koma gida yana murna an gama. Kwana bakwai, suna bakwai, a manna takardar a ƙofa.

Wannan ba dabarar zamani ba ce. A buɗe Nehemiya sura 3: garun Urushalima ba da "kowa ya fito" aka gina shi ba. An jera sunan kowane iyali da ƙofar da suka gyara, waɗansu ma daidai gaban gidansu.

Kuskure na biyu ya fi na farko zafi, domin siminti ana sayen wani, amma sunan mutum in ya zube ba ya kwasuwa. Shi ne barin mutum ɗaya da kuɗi. An tashi sujada, ma'aji ya juye baiko a jaka, ya rataya a babur ya tafi gida ya ƙidaya shi kaɗai. Kowa ya ce ai Baba mai gaskiya ne. Ƙwarai kuwa, shi ya sa bai kamata a yi masa haka ba. Ranar da lissafi ya gaza da naira dubu biyar, ko da kuskuren tarawa ne, ba shi da shaida ko ɗaya. Maganar za ta fara a bayan majami'a, ta shiga kasuwa, ta kai ga matarsa ta daina zuwa zumunta, 'ya'yansa su koma wata ikkilisiya. In kuma da gaske hannunsa ya shiga, mu ne muka ajiye jarabar a ɗakinsa mako bayan mako alhali yana da kuɗin makaranta a wuya. Ko ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Ku da kuke jin kunyar ce wa dattijo a ƙidaya tare, wai kada ya ga kamar ba a yarda da shi ba, wace irin kunya ce wannan? Manzo Bulus da kansa, a 2 Korintiyawa sura 8, bai yarda ya kai gudummawar ikkilisiyoyi shi kaɗai ba. An haɗa shi da ɗan'uwan da ikkilisiyoyi suka zaɓa, don kada kowa ya sami abin zargi. A zamanin sarki Yowash ma, magatakardan sarki da babban firist tare suke buɗe akwati su ƙidaya. Wane ne a cikinmu ya fi su?

Ni dai ƙa'idata mutum uku, ba daga gida ɗaya ba, kuma ana sauya su kowane wata. Ana ƙidaya nan take a ɗakin majami'a, ba a fita da jaka. A ware kuɗin iri-iri, 1000, 500, 200, 100, 50 har ƙasa, a rubuta yawan kowanne a layinsa kafin a tara jimla. Baiko daban, zakka daban, kuɗin gini daban, kada a gauraya a ce za a raba daga baya. Takarda biyu, duka ukun su sa hannu, ɗaya ga ma'aji, ɗaya ga magatakarda. Litinin kuɗi ya shiga banki, a manna shaidar banki a bayan takardar ƙidaya. Ba a ɗibar kuɗin man janareta ko na lemon baƙo daga cikin baiko kafin a rubuta. A nan yawancin giɓi ke samo asali. Cire kuɗi daga asusu kuma sai da sa hannun mutum biyu cikin uku.

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutane suka saba da tura kuɗi ta waya, sai ga sabuwar ƙofa ta buɗe: shugabar zumunta ko shugaban matasa ya ba da lambar asusunsa a tara kuɗin anko ko na taron shekara. Kuɗin Allah ya gauraya da na cefane, saƙon banki ya ɓace, wata ta rantse ta tura. Ku daina. In ƙungiya ba ta da asusu, a tura na ikkilisiya a rubuta dalili, a nuna wa ma'aji shaida.

Sai shugaban da ya rungume komai. Shi ke riƙe mabuɗi, shi ke sayayya, shi ke rubuta rahoto, sannan ya riƙa kukan babu mai taimako. Ɗan'uwa, ka taɓa ba wani aiki ka kau da kai? Surukin Musa ya gaya masa a Fitowa sura 18 cewa zai gajiyar da kansa da jama'a duka, ya naɗa shugabanni na dubu, na ɗari, na hamsin, na goma. In ka ba mutum aiki, ka faɗa masa abu uku: me za a yi, yaushe za a gama, nawa zai iya kashewa ba tare da ya dawo wurinka ba. Daga nan ka bar shi, ko da ba zai jera kujeru yadda kake jerawa ba.

Kishiyar wannan ita ce lafta wa mai saurin amsawa kaya. Yarinya ɗaya tana cikin mawaƙa, tana koyar da yara, tana share majami'a, tana dafa abincin baƙi, don kawai ba ta iya cewa a'a. Wata shida ba ta ji wa'azi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba. Ranar da ta ɓace sai a ce ta ja da baya. Hidima biyu ta ishi mutum, kuma malamin makarantar Lahadi ya sami Lahadi ɗaya a wata da zai zauna cikin jama'a.

Ƙananan kurakurai ba sa bukatar dogon bayani. Ba a sa aikin gayya safiyar Asabar a tsakiyar damina, mutane suna gona, ko ranar kasuwar gari. Saƙo a WhatsApp bai isa sanarwa ba, mama da yawa ba sa buɗe shi. Janareta a duba mai da baƙin mai yammacin Asabar, a tayar da shi a ji. Amfilifaya, na'urar da ke ƙara wa lasifika ƙarfi, ita ake kunnawa a ƙarshe, ita ake fara kashewa, in ba haka ba ƙarar nan ta "ɗum" za ta cinye lasifika. Ajin yara kada a bar babba ɗaya shi kaɗai, biyu ne, ƙofa a buɗe. Tafinta a ba shi ayoyin wa'azi tun daren Asabar, musamman inda ake juya Hausa zuwa Tangale ko Turanci. Abincin babban taro a ware na masu dafawa da masu tsaron ƙofa kafin a fara rabo, don kullum su ne ke kwana da yunwa.

Gyara kuma ba a yin sa a bainar jama'a. Mai zaunar da mutane ya makara, sai shugaba ya tsawata masa a gaban baƙi. Ba zai sake ɗaura ɗamarar ba. Matiyu 18:15 ta ce ka same shi ku biyu. Amma a same shi ɗin, kada a yi shiru ana ƙunƙuni har shekara, barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Saura miƙa aiki. Tsohon shugaba ya sauka da komai a kansa, sabon ya fara daga tambayar ina tukwanen zumunta suke. Kafin a yi wa sababbi addu'a, tsofaffi su kawo littafi: kujeru nawa, tukwane nawa, makirufo nawa ke aiki, wa ya ari rumfa bai dawo da ita ba, bashin da ake binmu da wanda muke bi, ragowar kuɗi. A ƙidaya kayan da ido a gaban dattijo ɗaya, ɓangare biyu su sa hannu. Mabuɗi kuwa a yanka uku: ɗaya wurin shugaba, ɗaya wurin mataimaki, ɗaya a gidan Baba Fasto.