Yadda ake tausar baya a gida, da irin tausar da ya kamata a bar wa masu sana'ar

Direban da ya yini a kan sitiyari, telan da ya duƙa a kan keke tun safe, da ma'aikaciyar da wuyanta ya sandare a gaban kwamfuta, da dare ya yi kukansu ɗaya: baya ya riƙe. Tausa tana sassauta tsokar da ta ɗaure, ta rage ciwo, ta kwantar da hankali har barci ya zo da sauƙi. A 2017, ƙungiyar likitocin Amurka ta American College of Physicians ta sanya ta cikin abubuwan da ake fara gwadawa ga mai sabon ciwon ƙugu kafin a kai ga shan magani. Sai dai sauƙin nata na ɗan lokaci ne, ba ta cire ciwo daga tushe.

Fara da sanin wace iri kake so. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi sani ita ce tausar Suwidin, ta shafa da murza da mai. Ana danganta ta da Per Henrik Ling, wanda ya kafa cibiyar koyar da motsa jiki a Stockholm a 1813. Ita ce ta gajiya da rashin barci, kuma ita za mu bi a nan. Akwai tausa mai zurfi, wadda ake danna tsoka da gwiwar hannu don kwance ƙullin da ya daɗe. Tana da zafi, jiki kan yi tsami kwana ɗaya ko biyu bayanta. Ta ƙasar Tailan ba a shafa mai, da tufafi ake yin ta a kan shimfiɗa, mai yin ta yana lanƙwasa gaɓoɓi yana miƙar da su, har da ƙafa yake dannawa. UNESCO ta shigar da ita cikin al'adun duniya da ake karewa a 2019. Shiyatsu ta Japan danna wurare ce da yatsa. Sai kuma wata mai taushi ƙwarai da Emil Vodder ɗan Denmak ya ɓullo da ita a shekarun 1930, wadda ake yi wa masu kumburin hannu bayan tiyatar kansar nono. Waɗannan huɗun aikin wanda ya koya ne. Kallon bidiyo a YouTube bai isa ba.

To, a shirya wuri. Katifa mai laushi ba ta dace ba, domin jiki nutsewa yake yi duk lokacin da ka danna. A shimfiɗa bargo a kan tabarma, mutum ya kwanta ruf da ciki, a sa ƙaramin matashi a ƙarƙashin idon sawunsa don ƙugu ya huta. A yanke farce, a cire zobe. Man kaɗanya, man kwakwa ko man zaitun duk sun yi; cokali ɗaya ya isa farawa, kuma a tafin hannu ake ɗumama shi, ba a tsiyaya shi da sanyinsa a bayan mutum, musamman lokacin hunturu. Man zafi kuwa ba na shafe baya gaba ɗaya ba ne.

Daga nan sai shafa. Ɗora tafukan hannu biyu a ƙugu, ɗaya dama ɗaya hagu da ƙashin baya, ka tura su a hankali har kafaɗu, ka dawo ta gefen haƙarƙari da sassauci. Ƙarfin yana wajen hawa. Yi haka kamar minti uku, har fata ta ɗauki ɗumi. Masu gaggawa sukan tsallake wannan, alhali tsokar da ba ta ɗumama ba ƙara ɗaurewa take yi idan aka danne ta.

Sai murza. Kama naman da ke tsakanin wuya da kafaɗa, ka ɗaga, ka matse, ka saki, kamar mai cuɗa ƙullin fulawa. A nan gajiyar mai zaman kujera take taruwa, don haka ka ɗan jima. Idan babban yatsanka ya ci karo da wani ƙulli mai tauri kusa da allon kafaɗa, tsaya a kai, ka danna a hankali na daƙiƙa ashirin zuwa talatin, mutumin yana jan numfashi yana saki. Ka riƙa tambaya: "Yaya, ya yi yawa?" Zafin da ake so shi ne wanda mutum zai ce "yauwa, nan ne". Idan ya riƙe numfashi ko ya zabura, ka wuce gona da iri. Kada ka danna kan ƙashin baya kansa, kada ka taɓa gaban wuya inda manyan jijiyoyin jini suke. Al'adar nan ta sa jika ya taka wa kaka baya ma a yi hattara da ita, domin ƙashin tsofaffi, musamman mata, yakan yi rauni har haƙarƙari ya tsage.

Ka rufe da shafar da ka fara da ita, tana raguwa sannu a hankali. Minti 15 zuwa 20 ya wadatar. A goge man da tawul, mutum ya juya gefe kafin ya tashi zaune, don kada jiri ya ɗebe shi.

Akwai waɗanda ba a yi wa. Mai zazzaɓi, mai ƙuna ko ƙuraje a wurin, da wanda ya faɗi ake zargin karaya ko targaɗe. Ƙafar da ta kumbura ita kaɗai, ta yi zafi da ja, kada a murza ta ko kaɗan: mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya, kuma gudan zai iya ɓallewa ya tafi huhu. Mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin, da mai juna biyu, su tambayi likita tukuna. Idan kuma ciwon bayan yana tafe da mutuwar ƙafa, ko rashin jin taɓi tsakanin cinyoyi, ko fitsari da bayan gida sun fara ƙwacewa, a ajiye kwalbar mai a nufi asibiti a ranar.