Abin yi idan ƙaiƙayi ya soki ido lokacin kaka

Ina aikin lafiya a ƙaramin asibitin wani ƙauye a yankin Auyo, ƙasar shinkafa. Daga an fara yanka har a gama casa da shiƙa, masu ciwon ido ba sa yanke mana, kuma labarin kusan ɗaya ne: ƙaiƙayi ko tsinken kara ko ganyen dawa ya karce baƙin ido. Karcewar kanta takan warke. Abin tsoron shi ne funfunar da ke jikin tsiron, irin su Fusarium da Aspergillus, wadda idan ta samu ƙofa sai ta kafa saiwa a cikin tantanin da ya rufe baƙin idon. Wani ƙiyasi na 2021 ya nuna sama da mutum miliyan ɗaya ne ke kamuwa da wannan ciwo kowace shekara, akasarinsu a Asiya da Afirka, kuma kusan ɗaya cikin goma yakan rasa idon gaba ɗaya.

Idan abin ya faru, kada ka murje idon. Ka wanke shi da ruwa mai tsabta, zubawa za a yi ta yi har abin ya fita, ka zo asibiti ranar. Mukan duba ko akwai karcewa, mu ba da man ido na Chloramphenicol, sau uku a rana, kwana uku. Ba maganin funfuna ba ne, amma yana tsare ciwon daga wasu ƙwayoyin cuta har fatar ta haɗe. An gwada haka a Bhaktapur ta ƙasar Nefal, kashi 96 cikin ɗari suka warke ba tare da gyambo ba.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne kemis. Mutum ya ce idona ya yi ja, sai a miƙo masa maganin ɗigawa. Ka juya kwalbar ka karanta, ko ka ba ɗanka ɗan makaranta ya karanta maka. Idan akwai Dexamethasone ko Betamethasone, ajiye ta. Jan zai ragu, zafin zai lafa, ka ɗauka sauƙi ya samu, alhali garkuwar idon aka kwantar, funfunar na ta cin gaba. Nonon mai jego, ruwan sukari, kwalli, ruwan ganye, duk na ga an zuba. Iyayenmu mata, don Allah a bari.

Ciwon funfuna ba ya gaggawa, shi ya sa yake yaudara. Bayan 'yan kwanaki za ka ga hawaye ba ya tsayawa, haske na damunka, gani ya dushe, ga wani farin ɗigo a kan baƙin idon mai baki tsattsage kamar gashin kaza. Da zarar an ga farin nan, maganar ta wuce mu. Ka nemi kuɗin mota a ranar, ka tafi wurin likitan ido: a Kano akwai Asibitin Ido na ECWA, da na Makkah, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Za su ɗan kankari bakin gyambon su duba a madubin likita. Kada ka ƙi, bayan sun ɗiga maganin kashe zafi ake yi.

Idan funfuna ce, galibi Natamycin mai kashi 5 za a rubuta. Tsohon magani ne, a 1955 aka samo shi daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa a yankin Natal na Afirka ta Kudu, kuma a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna. Yana da wahalar sha'ani. Sai an girgiza kwalbar kowane lokaci domin yana kwantawa. Da farko duk awa ɗaya ake ɗigawa, har da dare, don haka a samu wanda zai riƙa tashinka, a sa ƙararrawa a waya. Ka wanke hannu, ka ja fatar ido ta ƙasa, ɗigo ɗaya, bakin kwalbar kada ya taɓa ido. In an haɗa maka da wani maganin, ka ba da tazarar minti biyar. Makonni ake yi, kuma likita ne zai rage, ba kai ba. Da yawa sukan daina da zafi ya tafi, ciwon ya dawo, a ƙare da hakiya.

Dalilin wannan ɗigawar ba dare ba rana shi ne hawaye na wanke yawancin maganin, ɗan kaɗan ke ratsawa ciki. A nan masu bincike suka sa ƙarfi: ana gwada wani abu mai yauƙi da ke manne wa ido yana sakin magani a hankali, da gilashin roba na cikin ido da aka jiƙa da magani, da ƙananan ƙwayoyi masu kai shi can cikin tantanin. Yawancinsu suna matakin gwaji, don haka duk wanda ya tallata maka sabon maganin funfunar ido a kasuwar Hadeja ko a bayan mota, wuce shi. Kuɗin ka sayi tabarau mai rufe gefe, ka sa lokacin casa, kuma in ana shiƙa ka tsaya ta inda iska ke fitowa.