Yadda Ake Ƙirƙirar Solo Nan Take da Jita a Kan Buluz na Maino

Duk wanda ya ɗan jima yana taɓa jita ya san sautuka biyar ɗin nan da yatsu suke faɗawa kansu ba tare da an yi tunani ba, kuma ya san cewa da su kaɗai ana iya ratsa buluz daga farko har ƙarshe ba tare da an yi kuskuren da zai sa a juyo a dube shi ba. Sai dai a kiɗan jaz rashin kuskure bai wadatar ba. Abin da ake nema shi ne, ko da mai bas da mai fiyano sun yi shiru, mai sauraro ya gane inda aka kai a cikin waƙar daga abin da jitarka take faɗa. Wannan bayani a kan haka ya tsaya, kuma za mu yi aikin gaba ɗaya a maɓallin C maino, a wuri guda na wuyan jita.

Kafin mu shiga, ya kamata mu daidaita kan kalmomi. Idan na ce gaɓa, ina nufin tazarar da ke tsakanin ƙarafa biyu na wuyan jita, ana ƙirgawa daga kan jitar zuwa cikinta. Tsirkiya ta 1 ita ce mafi siranta, ta 6 kuwa mafi kauri. Kod shi ne sautuka uku ko huɗu da ake kaɗawa tare, ɗaki kuma shi ne awon bugu huɗu, sannan ɗakuna 12 su ne zagaye guda na buluz. Solo shi ne wurin da makaɗi ɗaya yake ƙirƙirar nasa layin kiɗa yayin da sauran suke raka shi, tsani kuma jerin sautuka ne daga ƙasa zuwa sama. Haruffa irin su C da F sunayen sautuka ne, irin su Cm7 da G7 kuwa sunayen kod ne. Alamar b da ke biye da harafi, kamar a Eb, tana nufin an sauke sautin da gaɓa ɗaya.

Tsarin waƙar ba shi da wuyar riƙewa. Ɗakuna huɗu na farko Cm7 ne, na 5 da na 6 Fm7, na 7 da na 8 a dawo Cm7, na 9 Ab7, na 10 G7, na 11 Cm7, na 12 kuwa ko a zauna a Cm7 ko a sa G7 domin ya mayar da kiɗan farko. Wannan shi ne ƙashin bayan “Mr. P.C.” ta John Coltrane, wadda ya ɗauka a 1959 ta fito a faifan Giant Steps a 1960, ya kuma sa mata sunan mai kaɗa masa bas, Paul Chambers. Ban ba mai koyo shawarar ya fara da bin wannan faifan ba, domin gudunsa sai wanda ya ƙware. “Equinox” ta Coltrane ɗin dai tana tafiya a hankali bisa irin wannan tsari, kuma ta fi dacewa da horar da kunne, ko da yake maɓallinta ya ɗara namu da gaɓa ɗaya.

Aikin farko ba solo ba ne, kaɗa kod ɗin ne har kunne ya haddace su. Sautuka uku sun isa kowane kod. Cm7 shi ne gaɓa ta 8 a tsirkiya ta 6 da ta 4 da ta 3. Fm7 shi ne gaɓa ta 8 a tsirkiya ta 5 da ta 3, tare da gaɓa ta 9 a ta 2. Ab7 shi ne 11 a tsirkiya ta 5, 10 a ta 4, 11 a ta 3, kuma idan ka ja wannan siffa baya da gaɓa ɗaya ka sami G7. Ka kunna na'urar ƙirga bugu a kan 80 ko 90 a minti, ka kaɗa zagaye goma, ka naɗa a wayarka, domin a kan wannan naɗin ne za ka yi sauran aikin. Wanda ya tsallake wannan mataki yakan ɓata a tsakiyar solo, ya shiga ɗaki na 9 alhali abokan kiɗansa suna na 7, kuma babu yawan sautukan da zai rufe wannan kunya.

Daga nan sai tsanin biyar da aka saba da shi, wato C, Eb, F, G da Bb. A wurin da muke aiki, manuniya tana danne gaɓa ta 8 a dukkan tsirkiyoyi shida, yatsa na uku yana ɗaukar gaɓa ta 10 a tsirkiya ta 5 da ta 4 da ta 3, ƙaramin yatsa kuma yana ɗaukar ta 11 a tsirkiya ta 6 da ta 2 da ta 1. Wanda kunnensa ya saba da jitar Agadez ko ta Ali Farka Touré ba zai ji baƙunci a nan ba. Bambancin shi ne, waccan jitar takan daɗe a kan kod ɗaya ko biyu tana zagaya shi, a nan kuwa ƙasa tana motsi a ƙarƙashin ƙafarka bayan ɗaki huɗu, ko biyu, ko ma ɗaya.

Yanzu ka dubi hannunka na hagu da kyau. Yatsu uku suna aiki, amma yatsan tsakiya yana rataye a kan gaɓa ta 9 ba ya taɓa kome. A ganina rabin wannan darasi yana ƙarƙashin yatsan nan, domin kusan duk sautukan da suke bayyana sauyin kod a gaɓa ta 9 suke zaune. A tsirkiya ta 2 akwai Ab, a ta 3 akwai E, a ta 4 akwai B, a ta 5 akwai Gb, a ta 1 kuma akwai Db. Babu ko ɗaya daga cikinsu a tsanin biyar, kuma kowanne yana da ɗakinsa da lokacinsa.

Mu fara da Ab, wanda shi ne sautin da ya mai da Fm7 maino. Ka kunna naɗinka, ka yi abin da ka ga dama da tsanin biyar a ɗakuna huɗu na farko, amma a bugun farko na ɗaki na 5 ka sauka a kan gaɓa ta 9 ta tsirkiya ta 2, ka riƙe shi. Nan take za ka ji waƙar ta juya. Idan kana son juyin ya ƙara fitowa, sai ka riƙa taɓa A, wato gaɓa ta 10 a wannan tsirkiyar, lokacin da kake kan Cm7. A da D su ne suke mai da tsanin biyar ya zama tsanin Doriyan, wanda makaɗan jaz suke yawan ɗorawa a kan kod na maino, kuma saukowa daga A zuwa Ab da gaɓa ɗaya tak ta fi dogon gudu bayani. Sai dai ka kiyaye, A ba ya shiri da Fm7 ko kaɗan, saboda haka ka bar shi a bakin ƙofar ɗaki na 5, ka ɗauke shi idan an dawo na 7.

E kuwa na ɗaki na 4 ne kaɗai. Makaɗa da yawa sukan mai da Cm7 na wannan ɗaki ya zama C7 domin ya tura kiɗan zuwa Fm7, kuma kai ma kana iya yin haka a solonka ko da mai fiyano bai yi ba. Gwada wannan a bugu biyu na ƙarshe: E a gaɓa ta 9 ta tsirkiya ta 3, G a ta 8 ta tsirkiya ta 2, Bb a ta 11 ta wannan tsirkiyar, Db a ta 9 ta tsirkiya ta 1, sannan ka sauka a C, gaɓa ta 8, daidai lokacin da ɗaki na 5 ya shigo. Sautuka huɗun nan suna da ɗaci idan aka tsaya a kansu, amma da zarar C ya zo sai a ga ashe hanya ce suka share masa.

Inda ake gane wanda ya san waƙar shi ne ɗaki na 9 da na 10, kuma a nan ya kamata mai koyo ya fi daɗewa. Ab7 ya ƙunshi Ab, C, Eb da Gb. Wannan Gb shi ne sautin da masu buluz suke wucewa ta kansa da sauri tsakanin F da G, amma a ɗaki na 9 ya zama ɗan gida, ana iya tsayawa a kansa har bugu huɗu. G7 kuma ya ƙunshi G, B, D da F, kuma B shi ne ransa, domin gaɓa ɗaya ce tsakaninsa da C, yana jan kunne zuwa gida. Ka fara da sautuka biyu kawai: C a gaɓa ta 10 ta tsirkiya ta 4 a ɗaki na 9, ka sauko zuwa B a gaɓa ta 9 a ɗaki na 10, ka koma C a na 11. Sannan ka yi haka a tsirkiya ta 3, daga Gb a gaɓa ta 11 zuwa F a ta 10, zuwa Eb a ta 8. Waɗannan layuka biyu su ne zaren da ya ɗinke ƙarshen waƙar, kuma duk adon da za ka ƙara daga baya a kansu zai rataya.

Akwai dabara mai sauƙi da take aiki a nan kullum. Tun da G7 daidai yake da Ab7 da aka ja baya da gaɓa ɗaya, duk gajeriyar jimlar da ka kaɗa da sautukan Ab7 kana iya maimaita ta gaɓa ɗaya a ƙasa. Idan kuma kana son layi mai tsawo a kan G7, ka ɗauki B, D, F da Ab, wato 9 a tsirkiya ta 4, 7 da 10 a ta 3, 9 a ta 2, ka sauka a G. Waɗannan sautuka daga tsanin hamonik maino na C suka fito, wanda shi ne C, D, Eb, F, G, Ab, B. Littattafan koyarwa sukan gabatar da wasu tsanuka masu sarƙaƙiya a kan wannan kod, kuma suna da daɗi a hannun wanda ya iya, amma ni dai ban ga amfanin ɗora su a kan wanda bai riga ya iya sauka a kan B a daidai lokacinsa ba.

Duk wannan zaɓen sauti ne, kuma zaɓen sauti ba ya tsayawa sai da lokaci. A jaz ba a raba bugu gida biyu daidai; na farko yakan ɗan fi na biyu tsawo, kuma sau da yawa na biyun ne ake ɗan ƙarfafawa. Ka mayar da na'urar ƙirga bugu kan 50, ka ɗauki kowace ƙara a matsayin bugu na 2 da na 4, inda mai ganga yake taka faifan ƙarfensa da ƙafa. Kwanakin farko za ka riƙa juyewa kana jin ƙarar a matsayin na 1 da na 3, kuma maganin wannan shi ne ƙirgawa da baki har ya zauna.

Mai busa dole ya tsaya ya ja numfashi, mai jita kuwa babu abin da yake tilasta masa, shi ya sa surutu ya zama cutar masu jita. Hanyar da na ga ta fi magance ta ita ce ka rera da bakinka duk abin da yatsunka suke kaɗawa, idan numfashinka ya ƙare su ma su tsaya. Tsohon tsarin waƙar buluz ma yana taimakawa, domin mawaƙi yakan faɗi ɗango a ɗakuna huɗu na farko, ya maimaita shi a huɗu na biyu, sannan ya kawo amsa a huɗu na ƙarshe. Ka yi haka da jita: jimla ta sautuka huɗu ko biyar a kan Cm7, ka bar ɗaki biyu babu kome, ka maimaita ta a kan Fm7 amma ka mayar da G ɗin cikinta Ab, sannan ka amsa da layin C zuwa B. Kada kuma kowace jimla ta fara a bugun farko. Fara wasu bayan bugu na 2, wasu kuma tun ƙarshen ɗakin da ya gabata.

Idan an ba ka zagaye uku ko huɗu, sai maganar gini ta taso. Wes Montgomery, wanda ya rasu a 1968, da babban yatsansa yake kaɗawa, kuma an san shi da fara solo da sauti ɗai-ɗai, ya koma kaɗa sauti guda a tsirkiya biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ya rufe da cikakkun kod. Kana iya gwada matakin tsakiyar da C a gaɓa ta 5 ta tsirkiya ta 3 tare da C a gaɓa ta 8 ta tsirkiya ta 1, manuniya tana kwance a kan ta 2 domin ta kashe mata murya, sannan ka riƙa zame siffar sama da ƙasa. Zamewa ma ita ce ta fi yawa a jitar jaz a kan tanƙwara tsirkiya, saboda tsirkiyoyin da ake sawa masu kauri ne. Wanda yake son jin yadda ake yin haka cikin natsuwa ya saurari faifan Midnight Blue na Kenny Burrell, na 1963, ya kwashe ɗaki biyu kawai da kunne, ya gano a kan wane sauti kowace jimla ta sauka.

A zagayen ƙarshe ka gama maganarka a ɗaki na 11, ko a kan C ko Eb ko D idan kana son ta rataya, ka bar na 12 ga wanda zai karɓa, ka ɗaga kai ka dube shi tun ɗaki na 9 domin ya shirya. Bayan C maino ya zauna a hannu, ka matsar da kome gaɓa ɗaya gaba, manuniya a ta 9, yatsan tsakiya a ta 10, ka kunna “Equinox” ka bi ta. Sannan ka koma F maino, maɓallin da ake yawan kaɗa “Birks' Works” ta Dizzy Gillespie a cikinsa, inda manuniya za ta zauna a gaɓa ta 13, yatsan tsakiya kuma a ta 14.