Yadda za ki yi wa ɗakinki fenti ruwan bula ba tare da kin yi nadama ba

Kalar nan ruwan bula mai haske tana da yaudara wallahi, a katin kaloli za ki ganta sanyi-sanyi, ana shafa ta a bango huɗu sai ta ƙara ƙarfi, to ki zaɓi wadda ta ɗan fi abin da kike so haske. Kafin a sayi bokiti mai lita 20 ki sa a shafa kaɗan a gefen taga, ki duba da safe, ki duba da azahar, ki sake dubawa da daddare in an kawo wuta, domin ƙwan fitila mai ruwan ɗorawa yana dusar da ita har ta ɗan karkata kore, farin ƙwan fitila shi ya fi fito da ita.

In filasta sabuwa ce a bari ta bushe sarai tukuna, balle da damina, in ba haka ba fentin zai kumbura ya dinga ɓarewa. Hannu biyu ake yi, kar mai fenti ya cika ruwa ya ce miki ya isa. A haɗa kalar duka lokaci ɗaya kuma, haɗi na biyu da wuya ya zo daidai.

Silin fari. Labule fari ko ruwan madara, kujeru ruwan ƙasa ko toka, ni dai shuɗi kan shuɗi bai taɓa burge ni ba, sai ɗaki ya koma kamar asibiti. Ɗakin yara kam ki nemi mai santsi wanda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, yatsun manja ba sa ɓuya a wannan kalar.